Yawon motoci masu ɗaki daga Turai zuwa ƙasar Hausa

Yawon motoci masu ɗaki daga Turai zuwa ƙasar Hausa wata al'adar tafiya ce da ta yi tashe daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1990. Matafiya daga Jamus da Holan da Ingila da Faransa da Suwizalan da ƙasashen Arewacin Turai kan tuƙo motocin da aka mayar da cikinsu wurin kwana da girki, su tsallaka Bahar Rum a jirgin ruwa, su ratsa hamadar Sahara, su sauka a Agadas da Damagaram da Kano. Wasunsu kan karkata yamma ta Tawa da Doso zuwa Gaya, a gaɓar Kogin Kwara, daf da inda iyakokin Nijar da Benin da Jihar Kebbi suka haɗu. Ko da yake an ƙera motocin ne don mai su ya wadatu da kansa, tafiyar ta dogara ga mutanen da ke kan hanya: 'yan jagora, da bakanikai, da dillalai, da masu masauki. Tawaye da garkuwa da mutane da rufe iyakoki sun katse ta, tare da sana'o'in da suka rayu a kanta.

## Mota mai ɗaki

Mota mai ɗaki ita ce wadda Turawan Ingila ke kira campervan, Faransawa camping-car, Jamusawa kuma Wohnmobil. Galibi ƙaramar bas ce ko motar ɗaukar kaya da aka cire kujerun bayanta aka sa gado mai naɗewa, da teburi, da murhun gas, da tankin ruwa, da kabad na ajiye abinci. Wasu rufinsu na ɗagawa idan an tsaya, don mutum ya iya miƙewa tsaye a ciki. Ta bambanta da tirelar kwana da ake ɗaura wa mota a baya, domin ita injinta da ɗakinta a jiki ɗaya suke. A yawancin ƙasashen Turai lasisin ƙaramar mota ya isa a tuƙa ta, muddin nauyinta da kayan ciki bai wuce kilo 3,500 ba.

Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙera bas ɗinsa da aka fi sani da kombi a 1950, kuma daga 1951 kamfanin Westfalia ya shiga sa mata kayan ɗaki. A Ingila an yi irin wannan aiki da motocin Bedford a ƙarƙashin sunan Dormobile. Kombi ta dace da hamada saboda dalilai biyu: injinta a baya yake, don haka nauyi na danne tayoyin da ke tura motar, sannan iska ke sanyaya shi, ba shi da lagireto da zai tafasa. Ban da ita, an yi amfani da Land Rover, da motocin kaya na Mercedes-Benz, da Unimog, daga baya kuma Toyota Land Cruiser.

## Asalin al'adar a Arewacin Turai

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma'aikata a Yammacin Turai sun samu hutun shekara mai albashi, motoci kuma suka yi araha. Iyalai daga Jamus da Holan suka riƙa tafiya arewa a lokacin zafinsu, daga Yuni zuwa Agusta, ta Danmak zuwa Suwidin da Norwe da Finlan. Wurin da aka fi nufa shi ne Nordkapp, wani tsauni a bakin teku a ƙarshen arewacin Norwe, wanda hanyar mota ta isa gare shi a 1956. A can rana ba ta faɗuwa daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli.

Abin da ya ƙarfafa wannan yawo shi ne tsohuwar al'adar ƙasashen yankin ta bai wa kowa damar ratsa daji da kafa tanti na ɗan lokaci a filin da ba gona ba kuma ba kusa da gidan wani ba. Norwe ta sa al'adar cikin doka a 1957, Suwidin kuma ta ambace ta a tsarin mulkinta tun 1994. Sai dai damar ta masu tafiya a ƙasa ce. Ba a yarda mota ta bar hanya ta shiga daji ba, don haka masu motoci masu ɗaki kan kwana a wuraren ajiye mota ko sansanonin da aka tanada da ruwa da lantarki da wurin zubar da ƙazanta.

Da sanyi ya shigo, ƙanƙara kan rufe hanyoyin arewa, rana kuma ta gajarta ƙwarai. Wannan lokaci ya yi daidai da hunturu a ƙasar Hausa, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da zafin Sahara ke sauka har mota da mutum su iya jure shi. Ɗalibai da matasa da masu dogon hutu sai suka juya akalar motocinsu kudu.

## Hanyar kafin zuwan mota

Matafiyan ba su buɗe sabuwar hanya ba. Daga Agadas zuwa Damagaram zuwa Kano, turbar ayarin raƙuma ce da Abzinawa ke bi da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da tufafi. Fataken Larabawa kuma na bin ta zuwa Gat da Gadamas da Tarabulus. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Agadas a 1850, ya shiga Kano a 1851 ta wannan yanki. Cinikin ƙetaren hamada ya yi rauni bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, domin kaya sun koma bin teku ta Legas.

Ta yamma kuma akwai hanyar goro. Ayarin fatake daga Kano da Sakkwato kan haɗu a kasuwar Jega, su gangara su tsallaka Kogin Kwara a mafitai irin su Illo da Gaya, su ratsa ƙasar Bargu ta Kandi da Jugu, har Salaga a ƙasar Gwanja. Madugu ke shugabantar ayari, jagaba ke gaba, a kwana a zango, a biya kuɗin fito da na sarakunan da aka ratsa ƙasarsu. Tsarin tafiyar motoci masu ɗaki ya yi kama da wannan: tafiya a rukuni, da ɗan jagora, da sanannun wuraren kwana, da biyan kuɗi a kowace iyaka.

## Motocin farko

Motocin farko da suka ratsa Sahara na kamfanin Citroën ne na Faransa, masu sarƙa a madadin tayoyin baya. A ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil sun tashi daga Tugurt a Aljeriya a Disambar 1922, suka isa Tambutu a Janairun 1923. Tafiya ta biyu da kamfanin ya shirya a 1924 ta bi ta Yamai da Damagaram zuwa Tafkin Chadi.

A 1933 Georges Estienne ya kafa kamfanin sufuri na SATT, wanda ya riƙa jigilar fasinja da wasiƙu daga Aljiyas ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram zuwa Kano. Wannan layi ne aka sani da hanyar Hoggar, da sunan duwatsun da ke kewaye da Tamanrasat. A Disambar 1934 wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka tashi daga Landan a babur mai kujerar gefe, yana jan 'yar tirela mai tanti. Injinsu ya lalace kafin Agadas, suka yi makonni suna jiran kayan gyara, sannan suka wuce ta Kano, suka isa Kef Tawun a Afirka ta Kudu a Yulin 1935.

## Shekarun tashe

Yaƙin neman 'yancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, ya hana yawancin masu yawo bin hanyar. Bayansa ne adadinsu ya riƙa ƙaruwa. Abubuwa da dama sun taimaka. Man fetur na da araha a Aljeriya. Kwalta ta isa Tamanrasat a 1978. Haƙar yuraniyom a Arlit ta sa aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980. Taswirar Michelin mai lamba 153, wadda ke nuna rijiyoyi da wuraren samun mai, ta zama abin da kowace mota ke ɗauke da shi, haka ma littattafan jagora irin su Sahara Handbook na Simon da Jan Glen, wanda ya fito a 1980.

Kamfanonin Ingila irin su Encounter Overland da Guerba da Dragoman sun riƙa ɗaukar fasinja wajen ashirin a manyan motoci, tafiyar watanni daga Landan zuwa Nairobi ta Agadas da Kano da Kamaru da Bangi. Gasar tseren motoci ta Faris zuwa Dakar, wadda Thierry Sabine ya ƙirƙiro, ta tashi karon farko ranar 26 ga Disambar 1978, ta bi ta Tamanrasat da Agadas da Yamai. Hotunanta a talabijin sun ƙara jawo hankalin Turawa ga yankin.

## Hanyar Hoggar

Matafiyi kan ɗora motarsa a jirgin ruwa daga Marsey zuwa Aljiyas, ko daga Marsey ko Jenowa zuwa Tunis, ya shiga Aljeriya ta El Oued. Daga Aljiyas zuwa Tamanrasat kimanin kilomita 1,900 ne, ta Gardaya da El Goleya da In Salah. Daga Tamanrasat zuwa In Gezam, garin iyakar Aljeriya, kimanin kilomita 400 ne, kuma a shekarun tashe babu kwalta. Daga nan a tsallaka zuwa Asamaka a Nijar, a yi kimanin kilomita 200 cikin yashi zuwa Arlit. Daga Arlit zuwa Agadas kimanin kilomita 240 ne, daga Agadas zuwa Damagaram kimanin 450, daga Damagaram kuma a bi ta Matamaye da Kwangwalam da Daura da Kazaure zuwa Kano.

Tsakanin Tamanrasat da Arlit ba hanya ɗaya ba ce, sawun tayoyi ne da suka bazu a faɗin kilomitoci, da durom ko ƙarfe da aka kafa jefi-jefi a matsayin alama. Wurin da ya fi ƙaurin suna shi ne rairayin Lawuni, inda gawawwakin motocin da aka yasar suka zama alamar hanya su ma. Direbobi kan rage iskar taya don ta baje a kan yashi, su tashi da asuba tun yashi na da sanyi da ƙarfi, su tafi motoci biyu ko uku tare. Idan mota ta kafe, sai a haƙa da shebur, a cusa faifan ƙarfe mai huji a ƙarƙashin taya, a tura. Kowace mota na ɗauke da jarkokin mai da na ruwa, da tayoyin canji, da jek, da kayan faci.

Haɗarin da ya fi kisa shi ne ɓata. Wanda ya bi sawun masu fasa-ƙwauri ya kauce daga alamomi, man sa ya ƙare, yana iya mutuwa da ƙishirwa kafin a gano shi. Don haka hukumomin Tamanrasat kan rubuta motocin da suka tashi. A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan firaministar Birtaniya ta lokacin, ya ɓata kwana shida a kudancin Aljeriya yayin gasar Dakar, sai jirgin sojan Aljeriya ne ya gano shi.

Akwai hanya ta biyu ta yamma, ta Tanezruft, daga Regan zuwa Tesalit da Gawo a Mali, sannan a bi gaɓar Kwara zuwa Yamai.

## Zangon Agadas da na Kano

Agadas ce babban zango na farko bayan hamada, kuma Hausa ce harshen kasuwarta. A nan ake gyaran sifirin da ya karye da injin da ya sha yashi, a sayi kayan maƙeran azurfa da na dukawa, a hau hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27, wanda asalinsa ke komawa ƙarni na 16. Mano Dayak, Ba'abzine da ya yi karatu a waje, ya kafa kamfanin yawon buɗe ido na Temet Voyages, wanda ke kai baƙi duwatsun Abzin da hamadar Tenere. Irin waɗannan kamfanoni sun ɗauki direbobi da masu dafa abinci da masu raƙuma aiki. Hukumar UNESCO ta sa Abzin da Tenere cikin wuraren gadon duniya a 1991, tsohon garin Agadas kuma a 2013.

A Kano, masaukin da aka fi sani shi ne sansanin 'yan yawon buɗe ido na gwamnatin jiha da ke titin Bompai, inda ake ajiye mota a fili a kwana cikinta ko a kafa tanti. Baƙi kan ziyarci karofin Ƙofar Mata, da kasuwar Kurmi, da Gidan Makama, da Dutsen Dala, wanda ya dace kuma ya kalli hawan salla. Kano ta fi sauran zangunan sauƙin gyara, domin daga 1975 an riƙa haɗa motocin Volkswagen a Legas, na Peugeot kuma a Kaduna, saboda haka kayan gyara da bakanikan da suka san waɗannan motoci ba su da wuyar samu. Daga Kano wasu kan yi gabas ta Maiduguri zuwa Kamaru, wasu su tsaya gandun dajin Yankari, wasu su gangara Legas su ɗora motar a jirgin ruwa.

## Reshen yamma da iyakar Bagudo

Ba kowa ke shiga Najeriya ba. Da yawa kan bar Agadas ta kwaltar Tawa, su sauka Birnin Ƙonni, su bi ta Dogon Dutsi zuwa Doso. Daga Doso hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi Yamai, ɗaya ta gangara kudu kimanin kilomita 150 zuwa Gaya. Gadar da ke haɗa Gaya da Malanbil a kan Kogin Kwara an buɗe ta a 1958, kuma daga Malanbil zuwa Kwatano fiye da kilomita 700 ne, ta Kandi da Paraku. Wannan reshe ya ƙara samun masu bi daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986, lokacin da gwamnatin soja ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa. Gandun dajin W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa, yana kan wannan hanya.

Masu son shiga Najeriya daga wannan ɓangare na da ƙofofi biyu manya: Illela, wadda ke fuskantar Birnin Ƙonni a kan hanyar Sakkwato, da Kamba, wadda ke kusa da Gaya, daga ita kuma hanya na zuwa Birnin Kebbi da Argungu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, kan faɗo a Fabrairu ko Maris, wato ƙarshen lokacin ratsa hamada, kuma shi ne babban abin da ke jawo baƙin waje zuwa ƙasar Kabi. UNESCO ta sa shi cikin al'adun gadon duniya a 2016.

Ƙasa kaɗan da Gaya, kogin na shiga Najeriya ya ratsa ƙaramar hukumar Bagudo. Garin Kende na gefen arewa, a kan Gulbin Kabi kafin ya zuba a Kwara. Gadar Tuga ce ke kai matafiyi ƙetaren kogin zuwa Ka'oje da Tsamiya, wadda ke fuskantar Segbana a Benin. Can gaba ta yamma akwai Illo da Lolo, wadda ke fuskantar Madekali a yankin Malanbil. Iyakar da ke nan ta samo asali ne daga yarjejeniyar Faris ta 14 ga Yunin 1898, wadda ta raba ƙasar Bargu gida biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa na zaune a ɓangarorin biyu, da dangantaka ta aure da kasuwa.

Waɗannan mafitai na Bagudo hanyoyin kasuwanci ne na mutanen yankin, na shinkafa da albasa da kifi da dabbobi da man fetur, a babura da ƙananan motoci da jiragen fito. Gadar Gaya ce ta ɗauke manyan motoci da baƙin nesa daga tsohon mafitin Illo. Lokacin bin hanyoyin Bagudo ya yi daidai da na hamada, wato rani, domin da damina kogin kan cika fadama ya yanke hanya, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta lalata hanyoyi da gadoji a sassan Jihar Kebbi.

## Takardu

Baya ga fasfo da biza, matafiyi na buƙatar katin rigakafin cutar shawara, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da takardun mallakar mota. Muhimmiyar takarda ita ce karne, wadda ƙungiyoyin masu motoci na Turai ke bayarwa bayan mai mota ya ajiye jingina. Tana zama lamuni ga kwastan cewa motar za ta fita daga ƙasar, ba za a sayar da ita ba tare da biyan haraji ba. Ana buga mata hatimi a shiga da fita, kuma idan hatimin fita ya ɓace, jinginar na iya salwanta. A ƙasashen da Faransa ta rena akan ba da takardar wucin gadi ta lese-fase a bakin iyaka. Inshorar Turai ba ta aiki a Afirka ta Yamma, sai a sayi ta gida, kuma a 1982 ƙungiyar ECOWAS ta kafa tsarin katin inshora mai ruwan ƙasa da ke aiki a yawancin ƙasashenta.

Aljeriya ta wajabta wa baƙo canza wani adadin kuɗin waje a banki. A Nijar, zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, baƙo kan kai fasfonsa ofishin 'yan sanda a manyan garuruwan da ya sauka. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, abin da ya daidaita ta da maƙwabtanta.

## Cinikin motoci

Wani kaso na matafiyan ba yawo kaɗai ya kawo su ba. Matasa daga Faransa da Jamus da Suwizalan da Holan kan sayi tsohuwar Peugeot 404 ko 504, ko motar kaya ta Mercedes, su tuƙo ta, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, ko su wuce da ita Benin da Togo da Burkina Faso, su sayi tikitin jirgin sama da kuɗin. Dillalai kan tare su tun daga bakin gari, su haɗa su da mai saye, su karɓi la'ada. Motocin kan koma tasi ko motocin haya tsakanin garuruwa.

Da hanyar hamada ta rufe, cinikin ya koma teku. Tsofaffin motoci suka riƙa zuwa a jirgin ruwa daga tashoshin Turai irin su Antwerp zuwa Kwatano, daga nan a tuƙo su arewa zuwa Malanbil da Gaya, da yawansu su ƙare a kasuwannin Najeriya. Daga nan ne sunayen 'yar Kwatano da Beljiyam suka shiga bakin masu sayen mota. Gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017.

## Durƙushewa

Tawayen Abzinawa a Nijar da Mali ya ɓarke a 1990, yaƙin basasar Aljeriya kuma ya biyo bayan soke zaɓe a Janairun 1992. Cikin ɗan lokaci motocin baƙi suka ɗauke ƙafa. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Nijar ranar 24 ga Afrilun 1995, Mano Dayak kuma ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar wannan shekara. Filin jirgin saman Agadas na ɗauke da sunansa.

Harkar ta ɗan farfaɗo a ƙarshen shekarun 1990, amma a 2003 ƙungiyar GSPC ta yi garkuwa da Turawa 32 a kudancin Aljeriya, rabinsu Jamusawa, lamarin da ya sa hukumomi suka hana baƙo yawo a kudu ba tare da ɗan jagora mai rajista ba. Tawaye na biyu a arewacin Nijar, daga 2007 zuwa 2009, ya zo da nakiyoyin da aka binne a hanyoyi. An soke gasar Dakar ta 2008, aka mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. A Satumbar 2010 an sace mutane bakwai masu alaƙa da kamfanonin Faransa a Arlit. Direbobi da 'yan jagora da dama na Agadas sun koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, sana'ar da dokar 2015 ta haramta, kafin a soke dokar a Nuwambar 2023.

Reshen yamma ma bai tsira ba. A Mayun 2019 an sace Faransawa biyu a gandun dajin Penjari na Benin, aka kashe ɗan jagoransu. A Agustan 2020 an kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure, wurin kallon raƙuman dawa a kan hanyar Yamai zuwa Doso. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019. An buɗe ta Illela a Disambar 2020, ta Kamba kuma a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an toshe gadar Gaya da Malanbil, mutane da kaya suka koma tsallakawa a kwale-kwale. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

## Halin da ake ciki

Hanyar Hoggar yanzu ɓangare ce ta babbar hanyar ƙetaren Sahara daga Aljiyas zuwa Legas, mai tsawon kimanin kilomita 4,500. Kwalta ta kai iyakar Aljeriya a In Gezam, kuma a tsakiyar shekarun 2010 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa ta tsakanin Arlit da Asamaka. Duk da haka gwamnatocin Turai na gargaɗin 'yan ƙasashensu kan zuwa yankin, kuma masu motoci masu ɗaki da ke nufin Afirka ta Yamma sun koma bin gaɓar Tekun Atalantika, ta Maroko da Muritaniya da Senegal, hanyar da ba ta biyowa ta ƙasar Hausa.

'Yan Najeriya ma sun yi irin wannan tafiya. Newton Jibunoh ya tuƙo mota daga Landan ta Sahara a tsakiyar shekarun 1960, ya sake ratsa hamadar wajen shekarar 2000 da kuma a 2008. Abin da ya gani na kwararowar hamada ya sa ya kafa ƙungiyar FADE, wadda ta dasa itatuwa a Makoɗa ta Jihar Kano. A 2022 Kunle Adeyanju ya zo Legas daga Landan a babur don wayar da kai kan cutar shan inna. A 2024 Pelumi Nubi ta tashi daga Landan a ƙarshen Janairu cikin ƙaramar Peugeot 107 da ta gyara cikinta don kwana, ta isa Legas ranar 7 ga Afrilu. Su biyun na baya sun shigo Afirka ne ta Maroko, suka bi ta Muritaniya da Senegal.